Layi biyu da Salamatu ta ja a ƙasa

Salamatu ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsugune ina hura gawayi zan ɗora ruwan koko. 'Yarta Nafisa ce ta kira daga asibiti. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, Mama ta tafi." Na ji takun mutane a bayanta, sai wayar ta yanke.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi ta maimaitawa har gawayin ya mutu ban lura ba.

Allah ya gani, abin da ya fara faɗo mini a rai ba kuka ba ne. Yayanta ne, Malam Idi, da rantsuwar da ya yi a gaban mutane cewa ba zai tsaya a kan gawarta ba.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Kun san ni, in ba sanarwar makarantar mata ba ko gaisuwar Juma'a, ba na sa komai a nan. Amma maganar ta daɗe tana yawo daga Djougou har Parakou, kowa da yadda ya ji ta. Shi ya sa na nemi izinin mutanen gidan in faɗi abin da na gani da idona.

Mutanen unguwar Banikanni a Parakou sun san ta da Tanti Sala, matar da ke tara mata ranar Asabar tana koya musu harkar hannun jari a waya. Ni kuwa tun muna yara na san ta, a Bariénou, muna zaune a zauren mahaifinta da allunanmu. Baba Malam ya zo garin da fataken goro tun ana ce wa ƙasar Dahomey, ya zauna, ya buɗe makaranta. Idi ne babban ɗansa, shi ke biya mana karatu, shi ke riƙe da bulala. Ban taɓa ganin ya ɗaga ta a kan Salamatu ba.

Da aka zo rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, Baba Malam ya ce ban da 'yarsa. Idi ne ya yi ta bin sa da magiya har ya yarda. Shi ya sayar da ragon da yake kiwo ya ɗinka mata riga ya saya mata jaka, shi ke ɗora ta a keke ya kai ta Djougou.

Na faɗi wannan ne don kar wani ya ɗauka mugun mutum ne.

Ni aure ya kawo ni Parakou, ita aiki. Ta daɗe tana riƙe lissafi a wani ofishin manyan motoci da ke bakin Gare, tashar jirgin ƙasa, a can ta koyi sayen hannun jarin kamfanoni, ta saya in ya yi sauƙi, ta sayar in ya tashi. Da ta bar aiki sai ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, ta ce duk macen da ke so ta zo, kyauta.

Ranar farko ba koyo na je ba. Rakiya na yi wa maƙwabciyata Bake, mai sakwara a bakin tasha.

Salamatu ta buɗe waya ta nuna mana wani zane mai hawa da sauka kamar bayan tsaunuka. Ta ce farashin hannun jarin wani kamfani ne, yadda ya yi ta tafiya tun bara. Ta sa yatsa ta ja layi a ƙasan zanen, daidai inda farashin ya sha faɗowa ya tsaya ya koma sama.

Ta ce, "Wannan daɓe."

Ta ja wani a sama, inda ya sha hawa ya buga kai ya dawo.

"Wannan kuma rufi. Masu Faransanci su ce support da résistance, mu ɗaki muka sani. Ki saya kusa da daɓe, ki sayar kusa da rufi. In yana tsakiya, ki zauna ki ci tuwonki."

Bake ta ce, "To in ɗakin na haya ne fa, Tanti?"

Ta ce, "Duk na haya ne, Bake. Shi ya sa ba a sakin jiki a yi barci a ciki."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Da aka watse na tsaya ina ta jan mayafi har sai da ta lura. Na ce, "Salamatu, ki ji tsoron Allah. Kin ja layi kin ce abu zai zo nan ya tsaya. Wa ya gaya miki gobe?"

Ba ta ji haushi ba. Ta matsa ta ba ni wuri a tabarma.

Ta ce, "Malama, layin nan ba gobe yake nunawa ba, jiya yake nunawa. Duk sanda kuɗin abin ya sauko nan, akwai mutanen da suka ce ya yi araha, suka saya. Sun riƙe wurin a ransu. In ya sake zuwa, wataƙila su sake fitowa. Wataƙila kuma sun mutu, ko sun talauce, ko sun ji wani labarin da ni ban ji ba. Sawun mutane nake bi, ba wani abu ba."

Na tafi gida da maganar. Na yi tambaya a inda nake tambaya, ba wuri ɗaya ba. Sannan na koma, na zauna can ƙarshen tabarma kusa da ƙofa, yadda in na ji abin da bai yi mini ba zan tashi ba tare da na taka kowa ba.

Shekaru ina zaune a wurin nan. Ban tashi ba.

Da ta ga ina kau da kai in aka zo kan bankuna ko kamfanin giya, ba ta tambaye ni dalili ba. Daina kawo su ta yi gaba ɗaya.

In aka kira la'asar, ko tsakiyar magana take, sai ta kife wayar ta miƙo mini buta.

Shekarar da gwiwata ta kumbura, mai zem, wato mai babur ɗin haya, take aikowa ya ɗauke ni ya mayar, ta kuma ja masa kunne kar ya karɓi ko dala a hannuna. Har yau in ya gan ni a hanya sai ya rage gudu ya ce, "Malama, yaya ƙafar Tanti?" Wai ƙafar ta zama tata tunda ita ke biya.

Ba ta taɓa riƙe kuɗin kowa ba. Kowace mace da sunanta take saye. In wata ta ce, "Tanti, riƙe ki juya mini," sai ta ɗaga hannu biyu ta ce nauyin nata ma ya ishe ta.

Akwai lokacin da daɓe ya fashe mana. Wani kamfani ne da kusan dukanmu muka saya kusa da layin ƙasa. Farashin ya sauko, ya iso layin, ya wuce kamar ba a taɓa ja ba. Bake ta zo a gigice, zaninta duk garin doya.

"Tanti, ai zai dawo. Mu jira."

"Ranar da muka saya me na ce muku? Na ce in ya wuce nan, na yi kuskure, mu fita. Ya wuce. Na yi kuskure. Mu fita."

Ita ta fara sayar da nata a gabanmu, da asara. Washegari na bi ta tasha na gan ta zaune a rumfar Bake, ta naɗe hannun riga tana zuba wa direbobi miya. Ba ta ce ta zo ba da haƙuri ba. Zuwa kawai ta yi ta yini.

Bayan wani lokaci farashin ya lallaɓo ya taso, ya iso daidai tsohon layin nan daga ƙasa, ya tsaya, ya kasa wucewa. Ta nuna mana ta ce, "Kun gani? Daɓen jiya ya zama rufi. Waɗanda suka saya a nan suka ji ciwo, jira suke ya dawo su sayar su tsira da abinsu. Wurin da ya saba tare ka, in ya sake ka sau ɗaya, shi zai hana ka hawa."

To, ga yadda rantsuwar ta faru, ina wurin.

Suna ake yi a gidansu na Bariénou, matar ɗan Malam Idi ta haihu. Ba kuran, wato wutar lantarki, a garin ranar, wayar Salamatu ta mutu tun da hantsi. Mata suka sa ta a gaba da tsokana, wai me take koya wa matan Parakou da har suke sayen kamfani suna zaune. Ita kuma ba ta iya ƙin bayani. Ta tsuguna a tsakar gida, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ja layi biyu da yatsa. Ta zana hawa da sauka a tsakani, ta ɗiɗɗiga duk inda ya taɓa layi. Mata suka kewaye ta, wasu sun yi tagumi.

Tana cewa, "In ya zo nan zai tsaya, in ya zo nan zai juya."

Malam Idi ya yi sallama, hayaniya ta hana a ji. Ni na fara ganin sa.

Duk wanda ya taso a gidan malamai ya san kamannin bugun ƙasa. Ƙasa a share, layuka da ɗige-ɗige, mutane a kewaye suna jiran a gaya musu abin da zai faru. A wannan tsakar gidan Baba Malam ya taɓa korar wani baƙo da sanda saboda irin haka. Ni kaina da na kalli wurin da idon Malam Idi, abin da na gani ke nan.

Ya tako ya murje zanen da takalminsa. Ya ce, "A gidan Baba?"

Da ta miƙe ta ja shi gefe, da wataƙila ba mu kai nan ba. Amma Salamatu in kunya ta kama ta dariya take yi. Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, lissafi ne fa. Kai ma kana yin irinsa a kara wurin cinikin shanu."

A gaban surukarsa da matan gari.

Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Wallahi, in ba ki bar wannan abu ba, ba zan tsaya a kan gawarki ba." Ya juya ya fita.

Ta bi shi daga baya, ba sau ɗaya ba. In ta shiga ta ƙofar gida sai ya fita ta baya. Ta aika shinkafar salla, aka dawo da ita a ɗaure yadda ta tafi. Na taɓa ce mata ko za ta bari, don zumunci. Ta ce, "In na bari yanzu, na yarda ke nan cewa duba nake koya wa matan mutane duk shekarun nan. Ke ma kin zama ɗalibar boka. In tafi gaban Allah da shaidar ƙarya a kaina?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Ganinmu na ƙarshe a gidanta ne, kafin a kwantar da ita. Ciwon zuciyar ya kumbura mata ƙafafu, tana jingine da matasai, numfashi sama-sama. Duk da haka ta ce in kawo wayata. Akwai wani ɗan hannun jari da nake jiran ya sauko. Ta ja masa daɓe, ta sa ƙararrawa yadda in farashin ya taɓa layin wayar za ta yi ƙara da kanta.

"Don ki daina leƙe kina ɓata lazimi," in ji ta.

Ta miƙo mini wayar tana kallon silin.

Ta ce, "Yaya Idi ne daɓena, Malama. Tun ina yarinya, duk inda na faɗo a kansa nake tsayawa. Yanzu ga shi can a sama." Ta so ta yi dariya, tari ya karɓe.

Da ya lafa ta ce, "In na riga shi, ki je ki same shi. Ke zai saurara, tawada ɗaya kuka sha. Kar ki roƙe shi. Abin da kika gani kawai za ki faɗa, kar ki ƙara mini komai. Na ma san ba ki iya ƙari ba."

Na ce Allah zai tashe ta ta je da ƙafarta.

Ta ce, "Amin. Ba rashin masu salla nake tsoro ba, akwai mutane. Shi nake ji. Ba na so ya zauna da abin nan bayana, na san shi, ci zai yi ta cin sa."

Da na tashi tafiya ta ce, "Ɗebi lemo, Nafisa ta sayo kamar za ta buɗe shago."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Lemo.

Yau aka sa ta a mota aka yi gaba da ita zuwa Bariénou, ni da Bake muka bi a motar haya. Mun yi nisa a hanyar Djougou, gonakin kaju suna wucewa, sai jakata ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na ciro wayar. A fuskarta an rubuta, "Malama, ya iso daɓe."

Rubutunta ne. Ita ta sa kalmomin ranar nan ban lura ba.

Na buɗe. Farashin ya sauko ya zauna daidai a kan layin da ta ja, bai ɗara ba bai gaza ba.

Na san na'ura ce. Na san yadda ake sa ta, a gabana aka sa. Amma ga ni a hanya zan je in ba da shaida cewa ba ta taɓa da'awar sanin gaibu ba, ga layinta ya cika, ita kuma tana kwance a motar da ke gabanmu an lulluɓe ta.

Bake ta leƙo ta karanta. Ta ce, "Tanti dai ba ta san hutu ba." Sai ta rufe fuska da gefen zani.

Ban saya ba, ban kuma goge ba. Na mayar da wayar jaka na yi ta karanta abin da ya zo bakina har muka shiga gari.

A gidan an shimfiɗa tabarmin makoki daidai wurin da ta taɓa tsugunawa. Kewayawa na yi.

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ba zan ce komai a kan wannan ba sai alheri.

Da muka gama, Habsatu matar Malam Idi ta ja ni gefe. Ta ce tun da labari ya iso ya fita wurin shanu, ko ruwa bai kurɓa ba. Liman ya ce bayan azahar za a yi salla. Maza sun fara taruwa a ƙofar gida, kowa ya zo sai ya waiga ya ga ko yana nan, ba mai tambaya.

Habsatu ta raka ni bayan gari inda yake ɗaure shanunsa. Muka same shi zaune a gindin ɗorawa, carbi a hannu amma ba ya ja. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya Malam, ya haƙuri?"

"Mun gode Allah, Ramatu." Bai kalle ni ba. "Ita ta aiko ki."

"Ita ce."

"Ta bari kafin ta cika?"

Jama'a, kalma ɗaya ce. Da na ce e, da ya miƙe a take ya bi mu, ba wanda zai taɓa sani. Habsatu tana ta kallona da ido cike da roƙo.

Na ce, "Ba ta bari ba."

Ya gyaɗa kai. "To me kika zo yi?"

Na nuna wani farin bijimi da ke kusa. Na ce in ya kai shi kara, ai akwai kuɗin da in aka taya ƙasa da shi zai kora abinsa gida, sauran masu shanu ma haka. Akwai kuma inda in kuɗin ya kai, mahauta ke juya baya. Na ce abin da take ja ke nan.

Ya katse ni. "Ta gaya mini haka ranar nan, har da dariya. Ni ba yaro ba ne. Bijimi nake gani, in shafa shi, in buɗe bakinsa in ga haƙora. Ita me take shafawa?"

Duk abin da na tsara a mota ya zube.

Sai ya juyo ya kalle ni, karon farko. "Layin nata yana cika?"

Na ce, "Wani lokaci yana cika. Yau ma a hanya wani ya cika."

Habsatu ta mintsine ni a cinya. Na ga fuskarsa ta rufe, na ji kamar da hannuna na ƙara mata ƙasa. Amma ta ce abin da na gani zan faɗa, kuma ban gama faɗa ba.

Na ce, "Wani lokaci kuma yana fashewa, mu yi asara, har da ita." Na ba shi labarin ranar da ta sayar da nata a gabanmu. Na ce, "Yaya Malam, kafin ta ce a saya, sai ta fara nuna inda in abu ya kai, to ta yi kuskure. Da bakinta take faɗa, a gaban kowa. Ni kusa da ƙofa nake zama ina jiran ranar da za ta ce ta san abin da zai faru, in ɗauki takalmina. Ban ji ba."

"Ni na ji. Zai tsaya, zai juya. Da kunnena."

"Ta faɗa. Ranar bakinta ya yi gaggawa, ta bar wataƙila a baya, ta bar in Allah ya so. Ta kuma yi maka dariya a inda bai kamata ba. Ta san da duka biyun."

Wata saniya ta yi ta jan igiya tana kewaya turke. Ya bi ta da kallo.

"Ke kin tabbata halal ne?"

Na ce, "Ban tabbata ba kamar yadda na tabbata da sallar asuba. Na yi tambaya, na samu abin da zuciyata ta iya zama a kai. Mai yiwuwa akwai abin da ya fi ƙarfin karatuna. Amma bugun ƙasa kam ban gani ba, kuma na nema."

Ya ce, "Da Allah na rantse, Ramatu."

"Ina wurin."

Hukuncin rantsuwa ya fi ni sani, a bakinsa na fara jin babin. Ba hurumina ba ne in karanta masa. Na dai isar da ragowar saƙon, cewa ba masu salla ta rasa ba, shi take ji, ba ta so ya zauna da abin bayanta.

Ya ce, "Ku koma, rana ta yi."

Muka dawo ba tare da shi ba. Habsatu ba ta yi mini magana a hanya ba, ban kuma ga laifinta ba.

Bayan azahar aka fita da makara. Mu mata muna ciki, katanga ce tsakaninmu da sahu. A al'adar gidan, babban namiji ke ja wa mamacinsu salla, Malam Idi ne ya ja ta Baba Malam, shi ya ja ta mahaifiyarsu. Gidan ya yi tsit. Duk wadda ka kalla kunnenta na waje.

Aka yi kabbarar farko.

Muryar liman ce, siririya, ta tsufa.

Nafisa ta ɗago ta kalle ni. Na sunkuyar da kai. Har aka sallame ina ta juya maganganuna ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda da na yi shiru, inda da na sassauta. An ba ni amana guda, na je na faɗi abin da ya fi cutar da ita.

Da ƙafafun maza suka yi nisa zuwa maƙabarta, wata yarinya ta ce Habsatu tana kira na a ɗakin hatsi. Na same ta durƙushe gaban buhun masara da mudu a hannu, tana aunawa tana zubawa a leda daban-daban. Na ɗauka abincin baƙi za a kai niƙa. Na ce ta bari 'yan mata su yi.

Ta ce, "Ba na baƙi ba ne. Kaffara ce."

Na dafa bango.

"Ana shirin tayar da salla Malam ya leƙo ta ƙofar baya, ya ce in auna na miskinai goma, in cika mudun sosai. Na bi shi na leƙa ta kan katanga. A sahun ƙarshe ya tsaya, can gefe. Da aka sallame kuma ya ratsa mutane ya kama kan makara, wani ya zo karɓa ya hana."

Na tambaye ta ko ya ce wani abu.

"Ya ce in gaya miki bai ce ta yi daidai ba. Ya dai rantse a kan abin da bai zauna ya ji ba."

Na durƙusa na riƙe mata bakin ledar, tana zubawa. Masara tana ta zuba a ƙasa muna tsincewa.

Har yanzu bai shigo gida ba. An ce kowa ya watse ya bar shi a can.

Ina roƙon alfarma guda. Na san a cikin masu karanta wannan akwai masu ganin harkar nan ta halatta, akwai masu ganin ba ta halatta ba. Don Allah kar a yi wannan muhawarar a ƙarƙashin rubutun nan, 'yarta tana karantawa. Wanda kuma ya taɓa jin an ce Tanti Sala duba take yi, har ya kai wa wani, ga abin da na gani, ya san yadda zai yi da shi.

Ya Allah, ga baiwarka Salamatu ta zo gare ka, kai ka fi mu sanin abin da ta ja da abin da ta nufa. Inda ta yi daidai ka karɓa, inda ta yi kuskure ka yafe, ita ma ba ta taɓa jin nauyin cewa ta yi kuskure ba. Ka yalwata mata kabari, ka tabbatar da harshenta wurin tambaya, ka haɗa ta da iyayenta cikin rahama. Ka ba Nafisa haƙuri. Ka karɓi kaffarar Malam Idi, ka sauke masa abin da ke ƙirjinsa, ka dawo da shi gida ya ci abinci.

Duk wanda ya karanta har nan, ya yi mata addu'a ko da a zuci ne. Ya sa yayanta a ciki.